Tambayi Duktura: sikeli, tef ɗin tela da maganar tumbi

Assalamu alaikum 'yan uwa na Makka, Jidda, Madina, Riyad da duk inda mujallar nan take isa. Saƙonnin wannan watan kusan duk a kan awon jiki suka faɗo, shi yasa na haɗa su waje ɗaya. Kamar kullum na cire sunaye.

Tambaya: Salam Duktura ina miki fatan alheri. Ni 'yar Kano ce amma a Jidda nake da aure wajen Karantina, shekaruna 41 yarana huɗu. Naje mustausaf saboda ciwon gwiwa sai nas ta ɗora ni a sikeli ta auna tsawona ta rubuta BMI 31.6 tace wai ƙibata tayi yawa, ni kuma wallahi ban ga wata ƙiba ba, a ɗakinmu ma ni ce mara jiki, in naje gida hutu cewa ake ƙasa mai tsarki ta karɓe ni. Kilona 79 tsawona 158. Dan Allah meye wannan BMI ɗin, kuma da gaske ciwo ne? Daga wata Hajiya, Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya baki lafiyar gwiwar. Nas ɗin bata zage ki ba, lissafi tayi kuma kema zaki iya yinsa da wayarki. Tsawonki mita 1.58 ne, ki ninka shi da kansa zai baki kusan 2.5, sai ki raba kilo 79 da wannan, shine ya fito 31.6. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara shi haka ga manya: ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya ɗara, daga 30 zuwa sama ƙiba ce da likita zai sa wa ido. Toh kinga ke kin ɗan haura 30 ɗin.

Amma inaso ki san iyakar wannan lamba. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya fito da ita tun wajen shekarun 1830, ba likita bane kuma jikin Turawa ya auna, sai a 1972 wani Ba'amurke Ancel Keys ya sa mata sunan da ake kiranta dashi yanzu. Sikeli kamar na awon kaya ne a filin jirgi, kilo kawai yake faɗa, bai san akwatin dabino ne a ciki ko bargo ba, haka BMI bai san tsoka daga kitse ba kuma bai san inda kitsen ya taru ba. Shi yasa nake so ki karanta amsar da na ba direban da ke ƙasa ki auna ƙugunki, a tsawonki bai kamata ya kai santimita 79 ba.

Maganar gwiwa kuwa tana da alaƙa da nauyi kai tsaye, duk kilo ɗaya da kika sauke gwiwa tana samun sauƙin kusan ninkinsa huɗu a kowane taku, kuma ki lissafa sau nawa kike sunkuyawa kina tashi a rana, sallah, wanki, hawa bene. Ba cewa nayi ki koma kamar sanda kina budurwa ba. Kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinki, wato kilo 4 zuwa 8, in kika sauke a hankali cikin wata shida ya isa kiji canji a gwiwa da numfashi da jini. 'Yan gida kuma da suke cewa ƙasa ta karɓe ki, ƙauna ce tasa suke faɗa, ki amsa da godiya ki cigaba da abin da kike.

Tambaya: Duktura barka da aiki. Ni direba ne ina jigilar 'yan umara tsakanin Makka, Jidda da Madina, shekarata 46. Ni ba mai jiki bane hannuna da ƙafata sirara ne kilona 70 kacal tsawo 172, amma tumbi ya fito min har jallabiyata ta daina min kyau, tela ya auna yace 98. Abokai suna min tsiya wai riyal ne ya zauna. Tunda sikeli yace lafiya lau nake akwai wata damuwa? Daga wani direba, Shara Mansur, Makka.

Amsa: Alhaji wannan tambayar taka ita ce tafi damuna a duk saƙonnin watan nan, kuma dan Allah ka karanta har ƙarshe. BMI ɗinka 23.7 ne, a teburin da na kawo a sama ka wuce lafiya, amma ƙugun 98 ga mai tsawo 172 ba lafiya bane. Rabin tsawonka 86 ne, kai ka ɗara da santimita 12.

Kitse iri biyu ne a jiki. Akwai wanda yake ƙarƙashin fata, na cinya da mazaunai da damtse, wanda zaka iya kamawa da yatsu, shi ba shi da yawan ɓarna. Akwai kuma wanda yake can ciki ya lulluɓe hanji ya kewaye hanta, shi ne yake turo ciki gaba ya zama tauri, in ka danna baka jin taushi sosai. Wannan na cikin ba zama kawai yake ba, yana zuba maiƙo cikin jinin da ke tafiya kai tsaye zuwa hanta, hanta tayi kitse, jiki ya fara ƙin jin maganar insulin, wato sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa tsoka, daga nan sai ciwon suga, hawan jini, toshewar jijiyar zuciya. Kuma duk wannan yana tafiya shekara da shekaru mutum baya jin komai, yana tuƙinsa yana cin abincinsa. Na sha ganin maza sirara irinka an kawo su da suga ya haura sama suna rantsuwa su ba masu ƙiba bane, kuma gaskiya suke faɗa, sikeli bai taɓa nuna musu komai ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya tace ga namiji haɗari yana farawa daga ƙugun 94, in ya wuce 102 ya zama babba. Ga mace yana farawa daga 80, babba daga 88. Amma ni nafi son ƙa'idar rabin tsawo saboda gajere da dogo ba zasu zama ɗaya ba, kuma hukumar da ke tsara wa asibitocin Ingila ƙa'idojin aiki ta ɗauki wannan a 2022, tace ƙugu ya zama ƙasa da rabin tsawon mutum. A wannan takardar dai sun ce ga baƙar fata 'yan asalin Afirka da Larabawa da mutanen Indiya da Pakistan a fara sa ido tun daga BMI 23, ƙiba kuma daga 27.5, saboda suga yana kama mu a nauyin da bai kai na Bature ba. Toh kaga ko a nan ma 23.7 ɗinka ya shiga layin.

Sai dai awon tela ba shi muke so ba, shi inda wando zai zauna yake nema, kuma mazanmu ƙasan tumbi suke ɗaura wando. Ka tsaya da safe kafin ka karya, ka ɗaga riga, ka laluba ƙashin haƙarƙarinka na ƙarshe ta gefe, ka laluba saman ƙashin ƙugu, tsakiyarsu nan ne wurin, yawanci daidai cibiya ko ɗan samanta kaɗan. Ka zagaya tef ɗin a miƙe kar ya karkace ta baya, ka saki numfashi kamar yadda ka saba, kar ka shanye ciki, kar ka matse tef har ya shige fata. In babu tef ka samu zare ko igiya ka auna daga tafin ƙafa zuwa tsakar kai, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita, in bakin bai haɗu ba toh ka san inda kake. Mai juna biyu banda ita, wannan awon ba nata bane.

Na san rayuwar direba, Makka zuwa Madina sama da kilomita 400 ne kana zaune mukayyif na busa ka, a tsaya a mahaɗɗa a ci bukhari ko burost a kora da bebsi mai sanyi, shayi kofi bayan kofi kowanne da suga cokali uku dan kar barci ya ɗauke ka. Daga abin sha nake so ka fara. Gwangwanin lemo ɗaya na mil 330 yana da suga kusan giram 35, wajen ƙaramin cokali takwas zuwa tara kenan, alhali Hukumar Lafiya tace babba kar ya wuce kusan giram 50 a yini, in ya tsaya a 25 ma yafi. Gwamnatin nan ma bata sa wa lemon kwalba harajin kashi 50 cikin ɗari a 2017 a banza ba, masu ƙara kuzarin nan kuma kashi 100. Ka koma ruwa da laban mara suga, shayi ka rage zuwa cokali ɗaya, shinkafa ka ci rabin abin da ka saba ka ƙara salata da ful. Tafiya kuma minti 150 a sati ake nema aƙalla, wato rabin awa sau biyar, da ɗan sauri yadda zaka iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga. Rana a Makka ba ta tafiya bace na sani, amma bayan asuba da bayan isha'i akwai, kuma lokacin da kake jiran fasinja sun shiga Harami kai ma ka ajiye motar ka taka. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002 ya nuna masu dab da kamuwa da suga da suka rage kusan kashi 7 na nauyinsu suna wannan tafiyar, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari. Kitsen ciki kuma shi ne yake fara narkewa in mutum ya fara motsi, zaka gani a tef kafin ka gani a sikeli.

Kafin komai dai kaje a gwada maka suga da safe kafin ka ci komai. Ƙasa da 100 daidai, 100 zuwa 125 kana bakin ƙofa, 126 zuwa sama in an maimaita ya sake fitowa haka ciwon suga ne. A auna jininka ma a ranar.

Tambaya: Duktura ni lodin kaya nake a wani sito a Riyad kuma ina ɗaga ƙarfe da dare, shekara 27, tsawo 175 kilo 84, na sa a waya tace nauyina yayi yawa, ƙuguna 82 ne. In rage cin abinci? Daga wani matashi, Riyad.

Amsa: A'a ƙanena. Lambarka 27.4 ce amma ƙugunka bai kai rabin tsawonka ba, wato 87.5, tsoka ce sikelin yake aunawa. Ka cigaba da cin abincinka, ka sha ruwa sosai a wannan zafin, ka guji allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka da ake tallatawa a wuraren ɗaga ƙarfe domin suna taɓa hanta da zuciya da haihuwa. Ranar da ka bar lodi ka samu aikin zama, ranar zaka rage kwano.

Tambaya: Anti Duktura dan Allah ki rufa min asiri ki amsa min. Bikina saura wata uku kuma ni siririya ce kilo 52 tsawo 163, dangin miji sunzo gani sunyi ta magana wai kamar ba'a bani abinci, gwaggona ta aiko min da wasu ƙwayoyi daga gida wai sha ka fashe, na fara sha sati biyu kenan kumatuna sun fara fitowa kowa na yabawa amma bana barci kuma ina yawan jin ƙishi. In cigaba? Daga wata amarya, Madina.

Amsa: Ƙanwata Allah ya sanya alheri, amma kar ki ƙara yin wata guda a kan ƙwayoyin nan. Lambarki 19.6 ce, cikin daidai kike, babu abin da ya same ki, jikinki ne haka.

Abin da ake sayarwa da wannan sunan yawanci ɗayan biyu ne ko a haɗa su. Akwai cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da mura ne da yake buɗe ciki yasa barci. Akwai dexamethasone ko ɗan uwansa prednisolone, kuma rashin barcin da ƙishin da kumatun da kika faɗa sunfi kama da shi. Magani ne mai ƙarfi da muke ba mai asma ko wani kumburi mai tsanani, da awo da ranakun da aka ƙayyade. Abin da yake yi wa mai lafiya shine ya tara ruwa da gishiri a jiki, ya kwashe kitse ya kai fuska da bayan wuya da ciki, hannu da ƙafa kuma su ƙara sirancewa saboda yana cin tsoka, wato daidai irin tumbin da na gama yi wa Alhaji direba bayani shi kike saye da kuɗinki. Yana ɗaga suga, yana ɗaga jini, yana sa ƙashi ya yi rauni, fata tayi nankarwa mai duhu, al'ada ta rikice, ƙwayoyin cuta su samu hanya. Kumatun da ake yabawa alama ce maganin ya fara ɓarna.

Abu mai muhimmanci, kar ki yanke shi dare ɗaya da kanki. In jiki ya saba samunsa daga waje yakan rage yin nasa, in aka tsayar kwatsam mutum na iya yin jiri da amai jininsa ya faɗi. Ki ɗauki ƙwayoyin yadda suke a ledarsu ki kai wa likita cikin satin nan, ki faɗa masa gaskiyar ranar da kika fara da guda nawa kike sha, shi zai duba ko a tsayar ko a rage a hankali, ya gwada miki suga saboda ƙishin nan. In kina son ƙara kilo biyu uku dan kanki ga madara, ƙwai, gyaɗa, dabino, kunun gyaɗa, ma'asub da safe, ki ci sau biyar ƙanana a yini. Ku kuma iyaye da gwaggonni dan girman Allah ku daina aiko wa yara abin nan, yarinya lafiyarta ƙalau a mayar da ita mai ciwon suga tun bata shiga ɗakinta ba.

Tambaya: Duktura ƙanwata tana Gadarif a Sudan tun da yaƙin nan ya tashe su daga Khartum, ta turo min hoton ɗanta ɗan shekara biyu ta WhatsApp naga ya rame sosai, babu sikeli a inda suke. Ta yaya zata gane ko abin ya kai a kaishi asibiti? Daga wata uwa, Makka.

Amsa: Allah ya kawo musu ƙarshen wannan fitina, tun Afrilun 2023 mutanenmu na can suke cikin wahala. Ga yaro daga wata 6 zuwa shekara 5 ba sai da sikeli ba, damtse ake aunawa. Ta lanƙwasa hannunsa na hagu ta nemo tsakiya tsakanin ƙashin kafaɗa da gwiwar hannu, sai ta saki hannun ya sauka ta zagaya tef ɗin ɗinki a wurin ba matsewa ba sakewa. Santimita 12.5 zuwa sama da sauƙi. Tsakanin 11.5 da 12.5 tamowa ta fara, yana buƙatar a duba shi. Ƙasa da 11.5 mai tsanani ce, ranar zata kaishi ba gobe ba. Ma'aikatan lafiya suna da wani tef mai launi kore da rawaya da ja na wannan aikin, in ta samu ta karɓa ta ajiye. Sannan ta danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa ta ƙirga uku, in ta ɗaga ramin ya zauna a duka biyun wannan kumburin tamowa ne ko da damtsen ya nuna lafiya, shima gaggawa ne. Haka in ya ƙi cin komai, ko gudawa ta ƙi tsayawa, ko ya yi laushi baya wasa. A cibiyoyin tamowa ana bada wani haɗin gyaɗa da madara a 'yar leda, Plumpy'Nut, magani ne na yaron shi kaɗai, kar a raba da yayyensa duk da na san halin da ake ciki. In har yana shan nono kar ta yaye shi yanzu.

Tambaya: Duktura 'ya'yana sun sayo min na'urar awon jini a saidaliyya, wani lokaci ta nuna 128 wani lokaci 155 a rana ɗaya, na rasa wanne zan yarda dashi, ga wata lamba a ƙasa tana nuna 76. Shekarata 63. Daga wani dattijo, Jarwal, Makka.

Amsa: Baba Allah ya yi wa yaran albarka, sun kyauta. Na'urar bata lalace ba, jini dama hawa yake yana sauka, in ka hau bene ko ka sha gahawa ko ranka ya ɓaci zai ɗaga. Lamba ta sama ƙarfin jini ne lokacin da zuciya ta matsa, ta biyu lokacin da ta saki, ita kuma 76 ɗin in ita ce ta uku a can ƙasa bugun zuciya ne a minti ɗaya, daga 60 zuwa 100 a zaune daidai ne.

Yadda zaka samu gaskiyar lamba shine ka bar gahawa da shayi rabin awa kafin awo, ka zaga bayi, ka zauna a kujera ka jingina bayanka minti biyar ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji, maɗaurin a kan fata ba a kan hannun riga ba, kuma kar ayi ta hira da kai lokacin. Ka auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe kafin magani da yamma, kwana bakwai a jere, ɗaya daga cikin yaran ya rubuta a takarda. A asibiti 140 bisa 90 ake kira hawan jini, a gida kuwa in matsakaicin satin ya kai 135 bisa 85 ka ɗauki takardar ka kai wa likita. Kafin nan a rage gishiri da dunƙulen magi a miyar gidan, gishirin yini gaba ɗaya bai kamata ya kai giram 5 ba, ƙaramin cokali ɗaya kenan, har da wanda ke cikin zaitun da cuku da abincin gwangwani. Kar ka karɓi ƙwayar hawan jinin abokinka dan yace ta yi masa aiki, akwai wadda bata dace da mai matsalar ƙoda ba. In kuwa wata rana ta nuna 180 bisa 120 tare da ciwon ƙirji, ko numfashi ya yi wuya, ko baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya mutu, ko magana ta sarƙe, kar a tsaya sake awo, a kira motar asibiti ta 997 nan take.